Shekarar da Na Sa Aka Yanke Shinkafa Ɗanya

Da sunan Allah nake ci gaba. Wannan shi ne babin da na daɗe ina kewayewa. Kun taso kun tarar ana kiran wata shekara da shekarar ɗanyar shinkafa, kun kuma lura in aka ambace ta a gabana mutane sai su sunkuyar da kai. An gaya muku tsufa ne ya kama ubanku, idonsa ya daina gane kogi, ya firgita ƙauye a banza. Ni da bakina na faɗi haka a gaban Bulama, mai garinmu. Ba gaskiya ba ne. Ban yi boko ba, saboda haka ni ke faɗa, 'yar'uwarku Zulai ke rubutawa, na kuma ce mata ko inda maganar ta taɓa ta kada ta tausasa.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, cikin fadama, inda kogi ke ciyar da mu shekara uku ya ƙwace a ta huɗu. Tun ina saurayi na kafa turken ƙirya a mashaya, na yi masa tsaga-tsaga da wuƙa. Kowace safiya a damina nakan je in ga inda ruwa ya kwana. Ba turken kaɗai nake dubawa ba. Akwai launin ruwa, akwai kumfar da ke taruwa a gindin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, akwai irin tarkacen da ke gangarowa, akwai tururuwa in ta fara kwashe ƙwanta zuwa kan jinga, ganuwar ƙasar da ke tare ruwa. In na ce ruwa na zuwa ba a tambayata dalili, lauje ake ɗauka. Bukar Mai Turke, haka ake kirana har a kasuwar Malam Madori. Ba sarauta ba ce, ba a kuma ba ni ko ƙwaya a kanta. Amma ita ce abin da na mallaka a duniya.

Sau ɗaya kogi ya yi mini shiru. Shekarar da aka saki ruwa daga madatsar da ke can sama ba a gaya wa kowa ba. Da safe turke bai nuna komai ba, kafin azahar ruwa ya kai ƙirji a tsakar gida. Na yi kwana biyu a kan tsamiya. Yayanku Modu, yana da shekara shida, ba mu same shi ba har yau. Daga nan na san ruwa iri biyu ne. Akwai mai sallama, wanda ke aiko alamunsa. Akwai wanda mutum ke buɗe wa ƙofa, shi kuwa turkena ba ya ganinsa sai ya iso. Ku riƙe wannan, domin ba tare da shi ba ba za ku gane wautar da na yi daga baya ba.

Wanda ya sauko da ni daga tsamiyar nan Buba ne, maƙwabcin gonata. Bafulatani ne, kakanninsa suka ajiye sanda suka kama fartanya. Ni kuwa jinin Barebari ne, kun san wasan da ke tsakani. Shekara arba'in bai taɓa yi mini gaisuwar mutunci ba, ni ma ban yi masa ba. Ranar ma da ya zo da kwalekwalen aro ya ɗauke ni, zagina yake har muka kai tudu, wai Babarbare ya koma biri. Ya san in ya yi shiru zan faɗa ruwan in bi Modu. Kowace safiya yakan leƙo ta kan iyakar gona ya ce:

"Bawana, an tashi? Yau me ubangidanka turke ya ce maka?"

Ni kuma in ce ya koma bayan shanu, noma ba aikin mai siraran ƙafafu ba ne.

Sai Zulai. Cikinku ita kaɗai ta yi nisa a karatu, kuma kun san surutun da aka yi mini a kan haka. A majalisa an ce Bukar zai ga abin da bokon mace ke haifarwa. Ban tanka wa kowa ba. Ta gama, ta yi aure a cikin Haɗeja, mijinta malamin makaranta, mutumin kirki. A ɗakinta take aiki da kwamfuta. Aikinta shi ne sa zane ya yi motsi. Takan zana abu sau da yawa, kowane zane ya ɗan bambanta da na bayansa, in ta jera su suka wuce da sauri sai ka ga tsuntsu na kaɗa fiffike. Masu shaguna da masu tallar magani ke kawo mata aiki. Ban fahimce shi sosai ba, amma na ga tana cin halalinta a cikin ɗakinta, wannan ya ishe ni.

A shekarar, wasu mutane masu ofis a birni suka zo da wani shiri. Manhaja ce za a sa a waya. Su suna samun labari daga masu kula da madatsa kwanaki kafin a saki ruwa, sai su tura wa manomi, waya ta faɗa masa da murya, da Hausa, ko bai iya karatu ba. Wasu ne suka gina cikinta. Zulai aka ba aikin fuskarta, wato abin da ido ke gani: zanen da ke motsi lokacin da ake jiran saƙo ya iso, da yadda wani shafi ke gushewa ya ba wani wuri. Da suka ce suna son dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya fara gwadawa kafin a raba wa jama'a, ta ba da sunana. Ta yi hakan ne don ta girmama ni.

Na je Haɗeja ranar kasuwa ta ba ni wayar. A tsakar gidanta ta nuna mini. Ta ce in danna nan. Na danna. Wani abu shuɗi ya gifta kamar ƙiftawar ido, ban ma ga ko mene ne ba, sai murya ta ce ruwa yana nan daidai, babu labarin saki. Muka yi sau uku, duk haka. Na tambaye ta ko gaske ne waɗannan mutane suna jin labarin madatsa kafin ruwa ya taso. Ta ce gaske ne. Na tuna Modu. Na sa wayar a aljihu na hau babur na koma gida, ban gaya wa kowa ba, ko uwarku. Kunya nake ji a ce Bukar Mai Turke yana tambayar ƙarfe labarin kogi.

Shinkafa a lokacin ta fid da kai ta fara sunkuyawa, amma in ka matse ƙwaya farin ruwa ne ke fita kamar nono. Saura mako biyu zuwa uku ta ƙosa. Ban taɓa ganin fadama ta yi kyau irin na shekarar ba.

Bayan kwana huɗu, da safe, na dawo daga wurin turke na shiga bayan rumbu na ciro wayar na danna. Murya ba ta zo ba. Sai ga zane ya cika fuskar wayar. Gona ce, da shinkafa tsaye, da wata 'yar bukka a gefe mai rufin ciyawa. Daga ƙasa ruwa ya fara tasowa. A hankali yake hawa, yana 'yar igiya-igiya a samansa. Ya rufe gindin shinkafa. Ya rufe kawunanta. Ya kama bangon bukka, ya wuce ƙofa, ya kai rufi, ya tsaya nan yana kaɗawa. Na jira murya, babu. Na kashe na sake dannawa, ruwan ya sake tasowa daga ƙasa ya cinye gonar. Da rana na sake, bayan azahar na sake. Na nemi Zulai, kira ba ya shiga, don a wajenmu sabis sai ka hau jinga ka ɗaga hannu, ranar kuwa ko a kan jingar babu. Na koma mashaya. Turke yana nan yadda na bar shi, tururuwa na harkarta, ruwa bai sauya launi ba. Haka ma ya yi ranar Modu.

Ku gaya mini, ku da kuka yi makaranta. An ba mutum abu an ce zai gaya masa in ruwa na zuwa. Ya buɗe ya ga ruwa ya cinye gona da ɗaki. Me zai fahimta?

Bayan sallar la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na ce ruwa na zuwa, kowa ya yanke abin da zai iya. Wani ya ce shinkafar ba ta ƙosa ba. Na ce rabin buhu ya fi babu. Buba ne ya matso kusa da ni, ya bar wasa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Bukar, na biyo ta mashaya ɗazu. Turkenka bai motsa ba. Me ka gani?"

"Na gani," na ce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na ciro wayar na nuna, akwai samari a wurin da ke riƙe da irinta kullum, da ɗayansu ya ce mini Baba ai wannan jira ne kawai. Ban ciro ba. Buba ya dube ni, ya juya ya ce wa 'ya'yansa su wasa lauje. Da aka ga Buba ya yarda, fiye da rabin ƙauye ya bi. Kwana uku muna yanka, maza da mata, muna kwasa zuwa tudu a kan amalanke da kai. Buba ya fi kowa gona a gefen kogi, ya yanke ta kaf.

Ruwa bai zo ba. Mako ya wuce, biyu suka wuce. Waɗanda suka ƙi jin maganata suka girbe shinkafar da har yau ake labarinta. Tamu da aka shanya ta motse, rabi ƙaiƙayi, sauran in an kai inji sai ta farfashe ta zama gari. 'Yan kasuwa suka damƙa suka watsar suka wuce. Shekarar nan ita muka ci, kun tuna tuwon, launinsa kamar toka, ga wani wari na ɗanyen haki. Uwarku takan ajiye mini kwano ta ce ga amfanin turke nan, a ci lafiya. Buba ya sayar da shanun huɗarsa biyu kafin wata damina. Auren ɗansa na biyu aka ɗaga.

Tun a mako na biyu na tafi Haɗeja. Na shiga gidan Zulai ko sallamar kirki ban yi ba, na jefa wayar a kan tabarma na ce ina ruwan da ta ce yana zuwa. Ta ce wane ruwa. Ta ɗauka ta danna, shuɗin nan ya gifta, murya ta ce lafiya lau. Na ce ba wannan ba. Na ce ta sa mayafi ta biyo ni. Mijinta ya samo mana a-daidaita-sahu, muka fita gari, muka bi hanyar fadama har inda ta daina biyuwa, muka taka da ƙafa zuwa bakin gonar Buba, wadda ta zama fili sai kututture. Na ce ta danna a nan. Ta danna. Ruwan ya fara hawa a hankali, ya rufe shinkafa, ya kama bukka. Na ga fuskarta ta sauya. Ta dubi wayar, ta dubi gonar, ta zauna a ƙasa cikin taɓo da kayanta masu kyau.

Da ta iya magana ta yi mini bayani. Wannan zane ba saƙo ba ne. Ana sa shi ne don mai waya ya san ana nan ana ɗauko saƙon, kada ya zaci ta lalace. Hawan ruwan yana nuna yadda ɗaukowar ke tafiya, in ya cika fuskar sai murya ta zo. A cikin gari sabis na da ƙarfi, yakan cika kafin ka gan shi. A fadama ba ya cika. Ita kuwa a ɗakinta ta yi shi, a ɗakinta ta gwada, a ofishinsu aka duba aka tafa mata. Babu wanda ya taka ƙafa ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Ta ce da farko wani ɗan zobe ta zana mai juyawa, irin na kowace waya. Shugaban shirin ya ce wannan ya yi sanyi, a yi abin da ya yi kama da rayuwar manoma, a sa ruwa, a sa gona, za su ji abin nasu ne. Ta yi mako uku tana gyara yadda igiyar ruwan ke lanƙwasa don ta yi kama da ta kogin garinsu. Ta iya kuwa. Ni shaida ne, ya yi kama.

Shugaban shirin ya zo Haɗeja bayan kwana biyu, don Zulai ta kira shi tana kuka. Yaro ne, bai kai Modu ba da yana raye, ga tabarau, ga ƙamshin turare. A ɗakin baƙi na mijinta muka zauna. Na faɗa masa abin da ya faru tiryan-tiryan. Ya saurara, sai ya yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa yaro in ya ji tsoron inuwarsa.

"Haba Baba, ai wannan ado ne kawai. Kowa ya san lodin."

Na ce ni ban sani ba, kuma ni aka ba. Ya ce to wannan ya nuna akwai buƙatar a wayar wa manoma kai kafin a raba, zai sa a rahoto, gwaji ya yi amfani ke nan. A wayar mini da kai. Ni da na san kogin nan tun uwarsa ba ta yi wayo ba. An zana mini ambaliya an miƙo mini, na ga ambaliya, kuma kaina ne ke da duhu. Na tambaye shi shinkafar mutane fa. Ya ce abin baƙin ciki ne, amma su ba su aiko da saƙon a yi yanka ba, a duba a gani. Daga nan ya gyara zama ya ce mini in yi tunani. In maganar nan ta fita, ofis ba zai ɗauka ba, don takarda ta nuna wanda aka ba aikin zane, da sunanta da sa hannunta. Za a karɓe aikin, kuma a harkarsu in suna ya ɓaci shi ke nan. Ya faɗi haka yana kallon agogonsa. Bai taɓa zuwa ƙauyenmu ba, har yau bai zo ba.

Ban damu da ofishinsu ba. Ƙauye na tuna. Na san abin da za a ce a majalisa: ga abin da bokon mace ya haifar, 'yar Bukar ta zauna a birni ta zana wa mutane yunwa. Za a faɗa a gidan biki, a faɗa a gidan mijinta, 'ya'yanta su taso da shi. Kuma duk yarinyar da ubanta ke shawarar barinta ta wuce firamare, da sunan Zulai za a rufe maganar. Ita ta ce za ta je gaban Bulama ta faɗi gaskiya. Na ce in ta taka ƙauyen da wannan magana ban yafe ba. Ban taɓa gaya wa ɗayanku irin wannan kalma ba, kafin nan ko bayan nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko, a zauren Bulama, gaban dattawa, na miƙe na ce idona ne ya gaza. Na ce na ga abin da babu, tsufa ya zo, kowa ya yafe mini. Bulama ya ce Allah ya kiyaye gaba, ƙaddara ce. Wasu suka ce amin, wasu ba su ce ba. Daga nan na wuce mashaya na jijjige turken da hannuna. Ya yi shekaru a cikin laka, sai da na yi gumi. Yana nan a bayan rumbu, kun sha ganinsa kuna zaton itacen wuta ne.

Ba a kore ni ba, ba a zage ni ba. Da an zage ni da ya fi. Washegari na fita gona, Buba yana tsaye a kan iyaka. Na jira. Ya dube ni ya ce:

"Barka da asuba, Malam Bukar. An tashi lafiya? Ya iyali?"

Na amsa. Ya ce madalla, ya juya. Malam Bukar. Na taɓa jin zafin da ya kai wannan sau ɗaya ne kawai, a kan tsamiya. Na gwada tsokanarsa bayan kwana biyu, na ce Bafulatani ya rasa shanu ya rasa shinkafa, sai ya dawo gidan ubangidansa a ba shi tuwo. Ya yi murmushi ya ce Allah ya rufa asiri. Ban sake ba.

Abu ɗaya na nema a wurin Zulai. Na ce zanen nan ba zai shiga wayar kowa ba, kuma wanda zai maye shi a gabana za a yi. Ofis ba su ƙi ba, su dai a yi shiru. Rani guda ina zuwa Haɗeja duk mako, in zauna a kan tabarma a gefen teburinta. Na ce mata dokata uku ce. Kada a ga ruwa, ko ɗigo, ko launinsa. Kada wani abu ya hau ko ya cika. Kuma ya zama abin da in manomi ya gani ya san zaman jira ake. Ta kawo zoben nan mai juyawa, na ce wani zai ce guguwa ce. Ta kawo zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, na ce zalɓe a ruwa yake tsayawa. Ta gaji ta ce to ni me nake yi in ina jira. Na ce tufka. Duk mutumin fadama in yana jiran fito ko jiran a sauko daga taro, kaba yake cirowa ya hau tufkar igiya.

Ta ɗauki hoton hannuwana ina tufka, ta bi shi tana zanawa ɗaya bayan ɗaya. Na farkon da ta nuna mini na ce ta goge. Ta sa tafin hannu yana murzawa baya, igiya in aka yi mata haka warwarewa take, duk wanda ya taɓa riƙe kaba zai yi dariya. Ta gyara. Na biyu, in motsin ya kai ƙarshe zai koma farko sai hannun ya yi tsalle kamar an tsikare shi. Na ce mai tufka ba ya zabura. Ta yi kwana da kwanaki tana daidaita zanen ƙarshe da na farko har sai da ido ya kasa gane inda aka haɗa. Sauyin shafi kuwa, a da igiyar ruwa ce ke sharo fuskar wayar daga gefe ta tafi da shafin. Na ce wannan ma ambaliya ce. Muka mai da shi asabari, a naɗe shi sama, abin da ke baya ya bayyana, kamar mutum ya ɗaga ya shigo ɗaki. Mijinta ya kawo shawarar a sa murya a cikin wayar kanta, wadda ba ta buƙatar sabis, tana cewa a dakata, saƙo bai iso ba tukuna. Da aka gama na ce ba a gama ba. Na sa ta ɗauki wayar muka je bayan kacala, inda ko kira ba ya shiga, na miƙa wa wata tsohuwa mai tsinkar zogale na ce me ta gani. Ta ce wani ne ke tufka, da alama jiran wani yake. Na ce wa Zulai yanzu an gama.

An raba manhajar a damina ta gaba. Tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba, ta taɓa tserar da mutane da dabbobinsu. Hannuwan nan da kuke gani a wayoyin mutane daga nan har Jahun nawa ne, har da ɗan yatsan da ƙugiya ta lanƙwasa. Ba wanda ya sani. Na ji an kira yaron nan mai tabarau a wani taro an yaba masa, wai sun zauna da manoma sun fahimci al'adarsu. Zulai ta ce har labari yake bayarwa na wani tsoho da ya ga hoto ya zaci ruwa ne, mutane na dariya. Ban yafe masa wannan ba, kuma ba na neman ku roƙe ni.

Nawa laifin na sani. An tambaye ni me na gani, girman kai ya hana ni ciro waya daga aljihu. Wannan nawa ne, zan tsaya da shi gaban Allah. Amma idona bai gaza ba. Turke ya gaya mini gaskiya ranar, tururuwa ma ta gaya mini, ni na ƙi su saboda an rantse mini cewa ƙarfen ya fi su sani.

Shekara tara Buba yana gaishe ni da ladabi. Sau biyu na tashi in gaya masa, sau biyu na tuna Zulai ba ta kafu ba tukuna na koma na zauna. Bara da ya kwanta ciwo na je dubiya. Na zauna a bakin gadonsa, maganar tana bakina, ɗakin cike da mutane. Ya buɗe ido ya gan ni ya ce sannu da zuwa Malam Bukar, an gode da ɗawainiya. Bayan kwana uku muka kai shi.

Yanzu Zulai ta kafu, tana da masu koyo a ƙarƙashinta, cikinsu har da jikar Bulama. Babu mai iya karɓe mata komai. Ita ma ta daɗe tana roƙona in sake ta daga rantsuwar nan, ga shi na sake ta, da hannunta take rubutawa, tana share ido tana ɓata mini lokaci.

Ga abin da nake so. Kada ku jira sai na mutu. Ku ɗauki babin nan ku je ƙofar gidan Buba, ku tara 'ya'yansa, ku karanta musu daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake wurin da ya tambaye ni. Ku ɗauki turken nan na bayan rumbu ku kai musu, gonarsu ce a bakin kogi, su suka fi buƙatarsa. In babban ɗansa ya tambaya wa ya aiko ku, kada ku ce Malam Bukar. Ku ce ubangidan Fulani ne ya aiko a duba bayinsa. Sai ku tsaya ku ji ko zai rama, ku dawo ku gaya mini abin da ya ce, kalma da kalma.